Buji Huɗu da Tsohuwar Bashen Kawu

Bashen kawuna ta yi shekara shida a gindin bedi a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara na wasan direba a cikinta. Fijo 404 ce fara, ko in ce da can fara ce. Duk wanda ya girma a Sassumbrum ko Magariya ya san irinta: ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wadda mu muke ce wa bashe, mutanen Daura da Kano kuma su ce a-kori-kura. Da kawu ya rasu aka raba gado, gonaki suka samu masu su, awaki suka samu, mota ta rasa mai so. Bara da kaka sai ƙanena ya ce mu tashe ta. Yana da garkar rake a fadama, kuma abin da masu mota ke karɓa kafin su fitar masa da kaya bakin kwalta ya kusa cinye ribar. Akwai kuma dalilin da bai faɗa ba, amma kowa a gida ya sani. Matarsa na da tsohon ciki, a unguwarmu kuwa in dare ya raba babu abin hawa sai babur da amalanke.

Muka kira tsohon makaniken da ya fara da zama yaron motar kawu kafin ya buɗe garejinsa. Idonsa ya yi rauni yanzu, hannun dai na nan. Ya ɗiga mai a inda ya kamata, ya bari ya kwana biyu, sannan ya juya injin da hannu yana kasa kunne. Ya ɗago ya ce da ni, "Mushe, ba ta mutu ba, barci take. A nemo batir, a nemo buji huɗu sababbi. Ka ce masu mai tara."

Na ɗauka batir ne zai ba mu wuya. Buji ai a kan tebur ake sayar da shi kusa da ashana. Na aiki yaro Magariya, ya dawo da huɗu a kwali, ya ce mai shago ya ce babu tara, ga takwas, ai maƙwabta ne. Muka murɗa, suka shiga daidai. Mota ta tashi, mata suka yi guɗa. Rana ta uku, tana cikin yashi kan hanyar garka, sai ta fara tari, ta shaƙe, ta mutu. Aka kwance buji, ga su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Muka goge, ta yi tafiyar yini ɗaya, ta sake. Muka zargi mai, muka zargi kafireto, aka kwance shi sau biyu. Mako guda ya tafi, rake yankakke na bushewa a rana. A cikin wannan makon ne na shiga bin diddigin wannan ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba, na kuwa tarar da tarihin yankinmu a naɗe a jikinsa.

Sunan kansa ma labari ne. Mu nan buji muke cewa. Ka ƙetara zuwa Zangon Daura ko Ɓaure, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, ka ce a ba ka buji, yaron shago zai iya tsayawa yana kallonka, don shi fulogi ya sani. Mutanen kuwa ɗaya ne, sarautar Magariya ma reshe ce ta gidan sarautar Daura. Abin da ya raba bakinmu shi ne turakun da tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi suna kafawa tsakanin 1906 da 1908, tun daga kogin Kwara har Tafkin Chadi. Mota ta iso bayan turakun, sai kowane ɓangare ya karɓi sunayen kayanta daga bakin Baturensa. Mu kile, su sifana. Mu aparanti, su yaron mota. Buji a Faransanci kyandir ne, kuma kyandir ɗin ya ci sunan garin Bejaya na Aljeriya, wanda Turawa ke sayen kakin zuma daga gare shi tun ƙarnoni da suka wuce. Wato duk makaniken da ya ce a miƙo masa buji sunan wani gari na Afirka yake kira bai sani ba.

Aikinsa ɗaya ne. Fistin ya matse iska da tururin mai a cikin inji, buji ya ƙyasta masu tartsatsi, su kama da wuta su tura fistin ƙasa. Batir bolt 12 yake bayarwa, kwayil ya ɗaga shi ya haura dubu goma, sannan wutar ta iya tsallake ƴar ratar da ke bakin buji. In inji na juyi 3000 a minti, kowane buji na ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Étienne Lenoir ya yi amfani da irinsa a injin da ya ƙera a Paris a 1860, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wanda ya zama abin dogaro a 1902. Wani Bafaranshe ɗan tseren keke, Albert Champion, ya yi ƙaura zuwa Amurka ya shiga sana'ar, shi ya sa har yau ake da buji Champion, da kuma AC, haruffan farko na sunansa. Kamfanin NGK na Japan ya zo a 1936. Ku riƙe sunayen nan, don su ne suka ɗaure mu.

Gyaɗa ce ta kawo mota ƙasarmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin a jima gyaɗa ta zama kuɗi a duk ƙasar Hausa. Ƙasar Magariya da Matamaye ta shiga cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. Jakuna da raƙuma ke kai ta wurin awo, manyan motocin kamfanoni su kwashe zuwa Kano, jirgi ya wuce da ita bakin teku. Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, gyaɗa ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje, a 1962 kuma gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta riƙe cinikin. Daga cikin masu awo da dillalai na wancan zamani aka samu alhazan farko da suka mallaki mota a ƙauyuka. Kawu na cikin na baya-bayansu. Bai taɓa shiga lakwal ba, almajiri ne da ya yi gardanci a gabas, ya dawo ya kama awon gyaɗa.

A 1960 ɗin nan kuwa kamfanin Peugeot ya fito da 404, a 1968 ya fito da 504. Ba ƙawa ce ta sa suka karɓu a nan ba. Suna da tsayin ƙafa, suna jure gargada, kuma injinsu na gyaruwa a gindin itace, domin kwanson da fistin ke kai da komo a cikinsa ana iya zare shi a sa sabo ba tare da an kai wa mai injin gurza ƙarfe ba. 404 ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968, amma direbobinmu ba su jira wannan shaida ba. Hanyar Magariya zuwa Dungas da damina ta ishe su gwaji.

Sai abu biyu suka faru a Nijeriya da suka sa Fijo ta zama tamu baki ɗaya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hagun hanya ta koma dama irin namu, motar can da ta nan suka zama sitiyari ɗaya. A 1975 kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta shi ne yadda kayan ke isowa a shekarun farko: jiragen sama na kamfanin UTA ke ɗauko su daga Lyon su sauke a Kano, manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar jami'anta, masana'antar ta riƙa fitar da dubun-dubatar motoci a shekara. Mu da ke bakin iyaka sai muka wayi gari Kano ta fi mana Yamai kusa a kan komai na mota. Wanda bai samu kaya a kasuwar Dole ta Damagaram ba, ya san zai samu a Sabon Gari, inda ƴan kasuwa Ibo, da yawansu mutanen Nnewi, ke riƙe da sababbin kaya, ko a Ƙofar Ruwa wurin na hannu.

A wancan zamani tsohon makanikenmu ya koyi aiki, kuma zamanin bai buƙaci ya iya karatu ba. Mota iri ɗaya ce ta cika hanya, buji iri biyu ko uku ne a shago. Ka ce mai tara, a miƙo maka abin da kake nufi.

Gyaɗa ta riga Fijo faɗuwa. Farin 1973 ya kassara ta, a 1975 darɓa ta zo da cutar da ta murƙushe sauran, manoma suka koma wake da hatsi. Bashen kawu ta bar buhunan gyaɗa ta koma ɗaukar ƴan kasuwa, Lahadi Mai'aduwa, Alhamis Maigatari. A watan Afrilu 1984 Nijeriya ta rufe iyaka har zuwa 1986, abin ya haɗu da farin da ya jawo yunwar da mutanenmu suka raɗa wa suna El-Buhari. Tsohon ya ce a shekarun nan ne ya koyi ƙona buji a garwashi ya kankare shi da tsinken waya ya mayar, don sabo ba ya samuwa. Daga 1986 naira ta fara zubewa, sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Motocin hannu suka kwararo ta Kwatano, galibinsu na Japan. Babura na Sin suka biyo baya. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen tsakiyar shekarun 2000, sannan ta tsaya. Teburin mai sayar da buji ya cika da iri goma sha, na babur, na janareto, na Toyota, mafi yawansu da lambobi a tsarin Japan. Kalmar tara ta rage a bakin tsoho, abin da take nufi ya bar kasuwa.

Ni ban san haka ba sai da na buɗe akwatin ƙarfen kawu ina neman takardun motar. A ƙasan rasitai na ci karo da ɗan littafin da kamfani ke bayarwa tare da mota, da Faransanci, gefensa duk kawu ya rubuce da ajami, ranakun da ya canza baƙin mai da sunayen waɗanda yake bi bashi. Shekara da shekaru littafin na hannun mutumin da ba ya karanta boko, ni kuma mai karantawa ina gida ɗaya da shi ban taɓa tambaya ba. A shafin buji an jera sunaye: Marchal, AC, da Champion N9Y. Ga tara ɗin. A ƙasa kuma an ce ratar bakinsa ta zama milimita 0,6. Marchal na Faransa tuni ya narke cikin rukunin kamfanonin da suka zama Valeo, ba za ka ga bujinsa a kan tebur ba. Sauran biyun ma a yankinmu sai an tona.

To, ina matsalar takwas ɗin da muka sa? A nan sai na ɗan zauna, domin abin da ya faru da mu yana faruwa da masu babur da masu injin ban ruwa kullum.

Shigar buji cikin raminsa ba ta nuna shi ne daidai. Gindinsa mai haƙora, wanda ake murɗawa cikin kan inji, kaurinsa milimita 14 ne a yawancin tsofaffin motoci, saboda haka kusan kowanne zai shiga. Amma akwai dogo mai milimita 19, akwai gajere mai 12,7. Fijo 404 na farko-farko gajere suke sha, na baya dogo. Ka sa dogo a gurbin gajere, bakinsa ya leƙa cikin inji fiye da kima, fistin na iya dukansa. Ka sa gajere a gurbin dogo, tartsatsin ya maƙale cikin rami, haƙoran da suka rage a buɗe su cika da kunkunniya. Huɗun da muka tarar a motar kawu iri uku ne, ɗaya gajere, wani direba ya sa shi ranar da ya rasa yadda zai yi. Kan injin Fijo na alminiyon ne, ƙarfe mai taushi, in ka tilasta dogon buji cikin ramin da ya toshe sai haƙoran su cinye, ka jawo wa kanka aikin da ya fi buji ɗari tsada. Na ga yadda tsohon ya yi da wannan rami. Ya ɗauki wani tsohon dogon buji ya tsaga haƙoransa da zarto, ya shafa giris, ya riƙa murɗawa kaɗan yana warwarewa, dattin na maƙalewa a tsagar, har rami ya buɗe. Da yatsa yake jin abin, domin bujin 404 a ƙasan wani dogon bututu yake zaune, ko mai lafiyar ido ba ya hango shi sosai.

Akwai kuma mazauni. Wani buji da washa yake zama, a ɗaure shi da kile 21. Wani ba shi da washa, wuyansa a fiƙe yake, kile 16 ke kama shi, irinsa wasu 504 na baya da 505 suka koma sha. Wannan ido na gani, ba a cika kuskure a kansa ba.

Wanda ido ba ya gani shi ne zafi, kuma shi lambar ke faɗi. Farin tangaran da ke bakin buji dole ya yi zafin da zai ƙone hayaƙin da ke sauka a kansa, wajen digiri 500. In bai kai ba, baƙi ya taru, wuta ta bi ta jikin baƙin ta zurare maimakon ta yi tsalle, inji ya fara tari. In kuma ya zarce, ya haura 800 da wani abu, sai ya zama garwashi, ya kunna mai tun kafin lokacinsa, har ya iya huda fistin. Buji mai dogon hanci yana riƙe zafi, shi ake ce wa mai zafi. Mai gajeren hanci yana saurin miƙa zafinsa ga kan inji, shi ne mai sanyi. Injin da ke gudu da ƙarfi yana son mai sanyi. Tsohon inji mai tafiya a hankali cikin yashi, a giya ta biyu, yana ɗan shan baƙin mai, yana son wanda ya fi zafi.

Ga inda tarkon yake. A wurin Champion da Bosch, in lamba ta hau zafi ya hau. A wurin NGK, da masu bin tsarinsa, in lamba ta hau sanyi ne ya ƙaru. Taran Champion a lissafin NGK shida ne: N9Y shi ne BP6ES, a Bosch kuma W7DC. Takwas ɗin da aka ba mu a tsarin Japan yake, buji mai sanyi da ya dace da babur mai zafin gudu. Mai shago bai yi niyyar cuta ba, ya ga takwas na kusa da tara. Tsoho bai yi ƙarya ba, tara ya sani shekara arba'in. Ni da na aika ban tambayi taran wa ba. Kama da wane dai ba ta wane.

Haruffan ma ba ado ba ne. A BP6ES, B na nufin kauri 14, P na nufin hancin ya ɗan fito waje, E na nufin tsawo 19. Da H ce a wurin E, gajere ke nan. In ka ga R a tsakiya, an sa masa abin da ke hana tartsatsinsa damun rediyo. Rubutu ne cikakke, ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba, kuma duk yaron da ya san baƙaƙen boko zai iya koyonsa a zama ɗaya.

Wadda ta fitar da mu ɗiyar ƙanena ce, tana aji na biyu a CEG. Na bar littafin a kan tabarma, ta ɗauka tana dubawa. Da yamma sai ta zo da wani yagaggen kwali da ta tsinto a bukkar garkar ubanta, na bujin injin ban ruwansa. Ta ce, "Baba, dubi nan." A gefen kwalin, da ƙananan haruffan da ni sai da tabarau, an jera lambobin da bujin ke maye gurbinsu, ga N9YC a ciki. C ɗin ƙari ne na baya, yana nuna an sa jan ƙarfe a cikinsa. Ashe abin da muke nema har Magariya yana cikin garkarmu yana jan ruwa. Dalilin kuwa shi ne ƙananan injunan da Honda ya fito da su a farkon shekarun 1980, da na Sin da suka kwaikwaye su, waɗanda suka cika fadamun Korama yau, an yi su a kan buji mai kauri 14, tsawo 19, zafi shida. Fijo ta bar hanya, ma'aunin bujinta ya samu mafaka a wurin masu rake da tumatir.

Tsohon bai yarda nan take ba. "Bujin famfo a mota? Mushe, kada yarinya ta sa mu abin kunya." Ya karyo tsinken tsintsiya ya zura a ramin ya auna zurfin haƙoran, ya ɗora a jikin bujin. Ita kuma ta ɗauko rula daga jakarta ta ce 19. Awonsu ya zo ɗaya. Sai rata. Ta bujin famfo ta ɗan fi faɗi, littafi kuma ya ce 0,6. Ina tunanin ina za mu samu ma'aunin da ke auna abin da bai kai milimita ba, sai na ga ya ɗauko guntun ruwan zarton yankan ƙarfe, ya zura a bakin bujin, ya ɗan ƙwanƙwasa har ya kama shi. Haka ubangidansa ya koya masa. Daga baya na bincika, kaurin ruwan zarton nan milimita 0,6 ne da ɗan ɗoriya. Wani ne can baya ya karanta littafi, ko ya ga Bature na aunawa, ya nemo abin da ke hannun kowa ya mai da shi ma'auni, aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu ba tare da lambar ba.

Mota ta tashi, ta kai rake. A cikin huɗun da muka saya wurin mai kayan famfo ɗaya ya mutu cikin kwana goma, araha ba ta ado, kuma kasuwa cike take da jabu masu sanye da kwalin manyan kamfanoni. Da wani direba zai je Kano na rubuta masa lambobin uku a takarda, ya kawo mana na kirki. Bayan tafiyar mako biyu tsohon ya kwance ɗaya ya kai kusa da idonsa, ya ce ya yi launin ƙuli-ƙuli, haka ake so. Baƙi busasshe, in ji shi, mai ya yi yawa ko buji ya yi sanyi. Baƙi mai maiƙo, ringi ya gaji. Fari fat kamar toka, a kashe inji tun bai ci kansa ba. Ko wannan karatun launi zamani ya ɗan taɓa shi, domin tun farkon 2006 aka daina sa dalma a man fetur a ƙasashenmu, buji ya fi fitowa da haske fiye da yadda ya saba gani a ƙuruciyarsa.

Abin da ya hana ni barci bayan haka ba motar ba ce. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da awo. Na zana milimita a allo ba adadi, na sa yara sun rera mita, desimita, santimita kamar karatun allo, na bugi waɗanda suka sa waƙafi a inda bai dace ba. Ban taɓa shiga aji da buji a aljihu ba. Gareji na bayan katangar lakwal, muna jin bugun gudumarsu muna darasi, kuma abin da na fi faɗa game da shi shi ne barazana: in ba ka yi karatu ba can za ka ƙare. Da yawa kuwa can suka ƙare, sun fita daga hannuna ba su iya haɗa baƙi ba, sun tafi da yaƙinin cewa abin da ke allo ba shi da haɗi da abin da ke cikin inji. Mai shagon da ya ce takwas maƙwabcin tara ne, wani mushe ne ya koya masa ƙirga, ya kuma koya masa daidai. Abin da ba a nuna masa ba shi ne lamba na iya zama suna, kuma sai ka san wanda ya raɗa ta.

Iyaye kuma, na san lissafin da kuke yi, ba na raina shi. Yaro ya maimaita aji sau biyu, takarda ba ta ba yayyensa aiki ba, gareji kuwa ko ba komai zai dawo da na sabulu. Amma garejin da kuke tunawa na zamanin Fijo ne, lokacin da kunne da yatsa suka isa. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke raba masu mai da wuta, in sun yi ciwo lamba suke nunawa a na'ura, bujinsu siriri ne mai bakin iridiyom wanda in ka zura masa ruwan zarto ka kashe shi. Yaron da aka cire daga aji bai iya karatu ba zai yi shekara goma yana wanke kaya da miƙa kile, wanda ya iya duba kwali ya zo ya wuce shi. Ku kai shi gareji in kun ga can zuciyarsa take, amma da yamma, ko da hutu, ko bayan ya iya karanta abin da ke jikin kwali ya kuma rubuta shi ba kuskure. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da aka buɗe a garuruwa don wannan aka yi su, sai dai muddin mu malamai muna tura masu waɗanda muka fid da rai da su kawai, iyaye za su ci gaba da kallonsu a matsayin juji.

A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, shekara biyu kafin Kaduna ta haɗa motarta ta farko. A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ya ba ta matsayin harshen ƙasa. In har za a rubuta littattafan kimiyya da sana'a da Hausa, wani zai zauna a ofis ya yanke ko buji za a sa ko fulogi, ko kuma ya ƙirƙiro wata doguwar kalma da ba makaniken da zai gane. Ni dai da za a tambaye ni, a sa duka biyun, yaranmu a kasuwa biyu suke saye. A kuma je a zauna da irin tsohon nan da takarda tun suna da sauran numfashi, don dabarar tsaga buji da ta ruwan zarto ba sa cikin littafin kamfani.

Matar ƙanena ta haihu da hantsi a likitar gari, da ƙafarta ta je, ba a ko tayar da mota ba. Ranar suna bashe ce ta ɗauko baƙi daga ƙauye. Da aka watse tsohon ya sa aka kawo ragowar fenti, ya buɗe murfin inji, ya ce yarinyar ta rubuta lambobin nan uku a ciki da manyan baƙaƙe, da 0,6 a ƙasa. Ya sa ta karanta masa sau biyu yana maimaitawa. Yanzu robar famfon mai ce ta fara tsatsa, kuma ita littafin bai ba da lambarta ba.